Babi na Shida: Hauni a Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi da ƙaramar waya a Kusada ko Kankia ya san wannan takaicin. Ka buɗe manhajar banki, ka shigar da lambar asusu, sunan mai shi ya fito, ka rubuta adadin kuɗin. Sai banki ya ce ya aiko maka da lambar sirri ta saƙon tes. Ka leƙa akwatin saƙo, ka haddace lambobin, ka dawo, sai ka tarar manhajar ta koma farko tamkar ba ta taɓa ganinka ba. Kafin ka sake bin matakan, wa'adin lambar ya ƙare. Mai shago yana kallonka, na bayanka yana tsaki. A farkon shekarar 2023, lokacin da sauyin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, har masu sayar da awo da masu nama sai da suka koma karɓar tiransifa, kuma a lokacin ne mutane da yawa suka fara haɗuwa da wannan matsala ido da ido.

Idan aka kai wayar wurin mai gyara, zancen kusan ɗaya ne ko'ina.

"Malam, wayar nan tana fitar da ni daga komai."

"Bairos ne, Alhaji. Sai an yi mata filashin."

A yi filashin, a rasa hotuna da lambobi, a biya kuɗin aiki. Wayar ta yi sauƙi na ɗan lokaci saboda babu komai a cikinta, da an mayar da manhajojin da aka saba kuma ciwon ya dawo inda yake. Ba bairos ba ne, ba kuma sabis ba ne. Kashe manhajar bankin aka yi, da gangan, bisa wata ƙa'ida da aka rubuta tun kafin a ƙera wayar. Wanda ya yanke hukuncin yana cikin na'urar, kuma ya bar bayanin abin da ya yi ga duk mai son karantawa.

Da farko sai mun raba abu biyu da bakinmu ya haɗe a ƙarƙashin suna ɗaya. Idan mutum ya ce "memori ya cika", yawanci yana nufin ma'ajiyar da hotuna da bidiyo da karatuttuka suke zaune, wadda ake rubuta girmanta a jikin kwali: gigabait 32, 64 ko 128. Akwai kuma RAM, wanda ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, gigabait 2, 3 ko 4 a yawancin wayoyin Tecno da itel da Infinix masu sauƙin kuɗi. Manomin Mawashi ko Yashe zai gane bambancin nan take: ma'ajiya rumbu ce, RAM kuma tabarmar shanya. Rumbu yana ɗaukar damin shekara, amma ba a aiki a cikinsa. Duk abin da za a sheƙe ko a tsince sai an fito da shi kan tabarma. In tabarma ta cika, rage hatsin da ke cikin rumbu ba zai ƙara mata ko taƙi ɗaya ba. Shi ya sa mai goge hotunan biki don wayarsa ta daina fitar da shi daga banki yake asarar hotunan a banza.

Mai rabon wuri a RAM shi ne kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'ura. Babu manhajar da ke taɓa RAM da kanta. Roƙo take yi, kanel ya ba ta. Kanel ɗin da ke cikin kowace wayar Android shi ne Linux, wanda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Shi ne kuma a cikin yawancin na'urorin POS masu allon taɓawa, da wayoyin da ma'aikatan lafiya ke cike bayanan rigakafi da su ta manhajar ODK, da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet na duniya. Ɗalibin da ke Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankia da injiniyan da ke zaune a Kalifoniya kanel iri ɗaya suke fama da shi, bambancin kawai girman abin da aka ba shi ya raba.

Alkawarin da ya fi ƙarfin aljihu

Kanel yana rabon RAM ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana ce mata shafi, kuma a yawancin na'urori girman shafi kilobait 4 ne. To amma Linux yana da wata ɗabi'a da ita ce tushen duk wannan babi: yana alkawarin abin da ya fi wanda yake da shi. Manhaja za ta ce tana son megabait 500, ya ce an ba ki. A gaskiya bai ba ta komai ba tukuna. Sai lokacin da ta zo rubuta wani abu a shafi na farko ne zai nemo shafin gaske ya miƙa mata, haka na biyu, haka na uku. Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne. Manhajoji sun saba roƙon abin da ba za su taɓa amfani da shi ba. Ƙari kan haka, a tsarin Linux idan aiki zai haifi wani aiki, kwafin kansa yake yi. Da za a ce sai an ware wa kowane kwafi cikakken wurinsa, da rabin RAM ya zauna a kulle babu mai amfani da shi.

Dabarar tana tafiya lafiya muddin masu alkawari ba su zo karɓa a lokaci ɗaya ba. Ranar da suka zo, kanel ba ya iya ce wa kowa "babu", domin ya riga ya ce "an ba ki" tun tuni, manhajar kuma ta gina aikinta a kan wannan amsa. Windows ya bi wata hanya dabam: yana ƙidaya duk alkawarin da ya yi, ba ya wuce jimlar RAM da fayil ɗin ajiyarsa na wucin gadi, in an kai iyaka sai ya ƙi ba da sabo. Kowace hanya da kuɗinta. Can manhaja ce ke faɗuwa da kanta idan aka hana ta. Nan kanel ne ke zaɓen wanda zai faɗi.

Sai dai kisa ba shi ne matakin farko ba, kuma mai neman gano matsala dole ya san abin da ke gabansa. Akwai wani ma'aikacin kanel mai suna kswapd da ke farkawa da zarar shafukan da babu kowa a kansu sun yi ƙasa. Abin da yake fara saki shi ne kwafin fayilolin da aka karanto daga ma'ajiya aka ajiye kusa don saurin aiki, tunda asalinsu na nan, ana iya sake ɗauko su. In hakan bai isa ba, sai ya kwashe shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba ya kai su wurin ajiyar wucin gadi da ake kira suwaf. A kwamfuta suwaf wani yanki ne na faifan ajiya. A wayar Android kuwa yawanci zram ake amfani da shi: a matse shafukan su ƙanƙance, a ajiye su a wani lungu na RAM ɗin kansa. Wannan dabara ta zama cikakken ɓangare na Linux a fitowa ta 3.14, a 2014, kuma ita ce ta sa wayar gigabait 2 take iya numfashi.

Matsalar tana farawa ne idan abin da ake buƙata yanzu-yanzu ya fi wurin da ake da shi. Kanel ya fitar da shafi, nan take a sake nemansa, ya dawo da shi ta hanyar fitar da wani, shi ma a neme shi. Na'ura ba ta mutu ba, ba ta kuma aiki. Duk ƙarfinta ya tafi a kai-kawo. Masanin kwamfuta Peter Denning ya yi bayanin wannan hali tun 1968, kuma shi ne abin da muke cewa "ta sanƙare". Mai kwamfutar gwanjo mai gigabait 4 ya san shi: kibiyar allo tana tafiya tana tsayawa, fitilar faifai tana ci babu ƙyaftawa, fanka tana ihu.

In duk waɗannan sun gaza, sai a kira na ƙarshe. Sunansa a Linux OOM killer, mu a nan za mu ce masa hauni, don aikinsa ke nan. Rik van Riel ne ya rubuta na farko da ya shiga jerin Linux 2.4, sannan David Rientjes na kamfanin Google ya sake masa fasali a 2010, a fitowa ta 2.6.36. Lissafinsa a yau ba shi da wata gargada. Yana duba kowane aiki da ke gudana ya haɗa shafukan da yake riƙe da su a RAM, da waɗanda aka kai masa suwaf, da teburin da ake bin sawunsu da shi. Wanda jimlarsa ta fi yawa shi ne a gaba. Akwai kuma wata lamba da ake kira oom_score_adj, daga -1000 zuwa 1000, wadda mai kula da na'ura ke iya liƙa wa kowane aiki. Mai 1000 kamar an rubuta sunansa ne a saman takarda; mai -1000 kuwa hauni ba ya ko kallonsa. Aiki na farko da ke tayar da na'ura, mai lamba 1, shi ma ba a taɓa shi, haka ma'aikatan kanel ɗin kansa. Da an zaɓa sai a aika da sigina ta 9, wadda babu manhajar da ke iya ƙin ta ko neman a ɗaga mata ƙafa ta adana aikinta.

A lura da abin da lissafin bai tambaya ba. Bai tambayi wa ya jawo cunkoson ba. Ya tambayi wa ya fi girma ne kawai, don kashe babba ɗaya ya fi saurin samar da wuri a kan kashe ƙanana goma. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci da mai gyara zai riƙe: wanda aka kashe ba lallai shi ne mai laifi ba. Mafi yawan gyaran da ake yi wa wannan matsala a bar jaki ne ana dukan taiki.

Yadda abin yake a waya

Masu Android sun gane tun farko cewa jiran hauni ba zai yi a waya ba. Shi ba ya motsi sai ruwa ya kai wa na'ura wuya, mai waya kuma ba zai jira minti uku allo na sanƙare ba. Sai suka ƙirƙiro nasu mai kisan da ke riga shi aiki. Da farko a cikin kanel yake, aka cire shi daga can a fitowa ta 4.12 a 2017, aikin ya koma hannun wata ƙaramar manhaja mai suna lmkd. Daga Android 10 kuma lmkd ya fara dogaro da wani ma'auni da Johannes Weiner na Facebook ya shigar cikin Linux 4.20 a ƙarshen 2018, wanda ake kira PSI. Maimakon a tambayi shafi nawa ya rage, PSI yana auna tsawon lokacin da ayyuka suka ɓata suna tsaye suna jiran RAM. Wannan ya fi kusa da abin da mai waya ke ji a hannunsa.

Android kuma yana canza lambar oom_score_adj ta kowace manhaja a duk lokacin da ka koma daga wata manhaja zuwa wata. Ginshiƙin tsarin yana kan -900. Manhajar da ke gabanka tana kan 0. Wadda ba ka ganinta amma kana jin aikinta, kamar mai kunna karatu ko rediyo, tana wajen 200. Allon gida 600. Wadda ka baro yanzun nan 700. Waɗanda ke kwance a baya suna jiran ko za ka dawo, daga 900 zuwa 999. Idan wuri ya ƙure, lmkd daga sama yake farawa ya gangaro.

Yanzu a sake duba mai tiransifa. Yana cikin manhajar banki, tana kan 0, babu mai taɓa ta. Da ya fita zuwa saƙo ta koma 700. A waya mai gigabait 6 ko 8 akwai manhajoji da yawa 'yan 900 da za a sadaukar kafin a iso kanta. A waya mai gigabait 2 da WhatsApp da Facebook da TikTok ke ta hidima a bayan fage, 'yan 900 sun daɗe da ƙarewa, don haka ita ce a bakin layi. Kusan haka yake faruwa da ma'aikaciyar lafiya da ke cike fom ta buɗe kyamara don ɗaukar hoto, domin kyamara tana daga cikin abubuwan da suka fi haɗiye RAM a lokaci guda. Manhajar da aka rubuta da kyau tana adana inda aka tsaya, ta dawo kamar ba a yi komai ba. Ta banki kuwa sau da yawa da gangan take ƙin adanawa saboda tsaro, kuma ban ga laifinta a kan haka ba.

Kafin a ɗora wa RAM laifi, sai an ware shi daga 'yan'uwansa da ke kama da shi. In manhaja ta rufe tana gabanka, har ta nuna saƙon cewa ta tsaya, wannan faɗuwa ce ta kanta, ko dai kuskuren masu rubuta ta ko ta wuce iyakar da Android ya yanka wa kowace manhaja. In waya tana nauyi ne da tsakar rana a watan Afrilu, bayanta ya yi zafi, ta kuma warware da ta huce, to rage gudu take yi don kada ta ƙone. In saƙonni ba sa shigowa sai ka buɗe manhajar, yawanci tsarin tattalin batir ne da kamfanin wayar ya ƙara, kuma ana gyara shi a saitin batir. Alamar kisan RAM ita ce wannan: ka fita lafiya, ka dawo ka tarar an fara daga farko, kuma abin ya fi yawa idan ka buɗe abu mai nauyi a tsakani.

Ana iya tabbatarwa ba tare da zato ba. A saitin waya, inda aka rubuta lambar ginin tsarin, in ka taɓa sau bakwai zaɓuɓɓukan masu rubuta manhaja za su buɗe. A ciki akwai inda ake ganin ayyukan da ke gudana da abin da kowanne ya ci. Mai gyaran da ke da kwamfuta zai iya wuce nan: ya haɗa wayar da kebul, ya yi amfani da manhajar adb ya rubuta dumpsys meminfo ya ga rabon RAM gaba ɗaya. Daga Android 11 zuwa sama kuma, umarnin dumpsys activity exit-info tare da sunan manhajar zai fito da dalilin mutuwarta na baya-bayan nan, kuma in ƙarancin RAM ne zai faɗa ƙarara. Aikin minti biyar ne. Matasan da ke zuwa Farm Centre a Kano koyon canza allo da gyaran wurin caji, da za su ƙara wannan a kan abin da suka iya, da sun ceci hotunan mutane masu yawa.

Maganin ba ya da daɗin ji, domin ba a saya wa waya ƙarin RAM. Abin da ake iya yi shi ne rage masu zama a kansa: a cire manhajar da ba a amfani da ita, a koma ƙananan nau'o'i irin Facebook Lite da ya fito a 2015, a hana waɗanda ba su zama dole ba aiki a bayan fage, a karanta lambar sirri daga sanarwar da ke saukowa a saman allo maimakon fita daga manhajar. Manhajojin da ke cewa suna "share RAM" kuwa, ra'ayina a kansu gajere ne: a cire su. Abin da suke kashewa su ne 'yan 900 da ke kwance ba sa cutar da kowa, waɗanda lmkd zai kawar da kansa in buƙata ta taso. Wasu su sake tashi nan take su ci batir, mai sharar kuma ta zauna daram da tallace-tallacenta a wurin da ta ce ta share.

A kula kuma wajen saye. Za ka ga an rubuta 4+4 a kwali, ko an ce RAM ya kai gigabait 8 ta hanyar abin da Tecno da itel ke kira Memory Fusion, Samsung kuma RAM Plus. Lamba ta farko ita ce ta gaske. Ta biyu suwaf ce da aka yi wa sabon suna. Tana taimakawa manhajar da ke kwance ta daɗe ba a kashe ta ba, amma ba ta da saurin RAM. Google da kansa, da ya fito da Android Go a 2017 don wayoyi masu gigabait 1 ko ƙasa, ya ɗaga mafi ƙarancin abin da yake yarda da shi zuwa gigabait 2 a Android 13 Go. Manhajoji ƙiba suke yi kowace shekara, wayar da ke hannunka kuwa tana nan yadda aka ƙera ta.

Karatun kundin hauni

Ga ɗalibin kwamfuta a Dutsin-Ma ko Katsina da ya yi hayar ƙaramar uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, mai RAM gigabait 1 ya ɗora shafin wata makaranta ko ƙungiya a kan WordPress, labarin yana zuwa da wata fuska. Ranar da aka saki sakamakon jarrabawa mutane suka yi caa a kan shafin, sai ya nuna cewa ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Ya duba ya tarar MySQL, manhajar rumbun bayanan, a mace. Ya tayar da shi, bayan awa ɗaya ya sake mutuwa. Sai ya shiga neman abin da ke damun MySQL, alhali lafiyarsa ƙalau.

Matakin farko shi ne a tambayi kanel. Umarnin dmesg -T ko journalctl -k zai fito da kundinsa, a nemi layin da ya fara da Out of memory: Killed process. In babu shi, a daina zargin hauni, a nemi dalili a wani wuri. Wata shaidar ita ce lambar fita 137, wato 128 da 9, wadda masu amfani da Docker da Kubernetes suka sani sarai. Tana nuna sigina ta 9 ce ta yi kisan, ko da yake ba ta faɗin wanda ya aiko ta.

In layin yana nan, to a karanta abin da ke samansa, don a nan bayanin yake. Sunaye uku ne ke cikin kowane irin wannan rahoto, kuma dole a bambance su. Akwai wanda aka ce shi ya kira hauni. Wannan kawai shi ne ya roƙi shafi a daidai lokacin da babu, yana iya zama ƙaramin aiki marar laifi. Akwai wanda aka kashe. Sai mai laifin, wanda kanel ba ya ambata, sai ka zaƙulo shi da kanka daga teburin da ya jera duk ayyukan. A teburin, kada girman total_vm ya ruɗe ka, wannan alkawari ne kawai. Abin dubawa shi ne rss, kuma a shafuka aka ƙidaya shi, sai ka ninka da kilobait 4. Sannan ka haɗa masu suna ɗaya wuri guda. A ce MySQL ya ci megabait 300, ya fi kowa in an tsaya ɗaya-ɗaya. A ƙasansa kuma ga ayyukan Apache, manhajar da ke miƙa shafin makarantar ga masu ziyara, guda 20, kowanne da megabait 40. Jimlarsu 800. Su suka cinye gidan, shi aka yanka don ya fi kowa tsawo. Gyaran yana wurin MaxRequestWorkers, a rage adadin ma'aikatan da Apache ke iya haifa zuwa abin da na'urar za ta ɗauka, a ƙara ɗan suwaf don ya shanye cunkoson ɗan lokaci.

Wani lokaci za ka haɗa dukan teburin ka ga bai kai ko rabin RAM ba. To sauran yana wurin da kisa ba ya kaiwa: fayilolin da aka zuba a tmpfs, wanda a RAM yake zaune, ko kuma yoyo a cikin kanel ɗin kansa. Layukan Shmem da SUnreclaim a /proc/meminfo za su nuna. Wani lokacin kuma rahoton zai ce Memory cgroup out of memory alhali na'urar tana da wuri fal. Wannan shinge ne aka yi wa aikin, ta tsarin cgroups da injiniyoyin Google suka fara a 2006 ya shiga Linux a 2008. Iyakar shingen ya kai, ba iyakar na'ura ba. In kuwa aiki ɗaya ne ke ta kumbura kullum ba ya saki, har ya mutu duk bayan 'yan kwanaki, yoyo ne a manhajar, kuma ƙara RAM zai jinkirta ranar ne kawai.

Sabon shiga yakan tsorata idan ya rubuta free -h ya ga wurin da babu kowa ya kusa ƙarewa. Ba abin tsoro ba ne. Linux ba ya barin RAM a zaune. Yana cika shi da kwafin fayiloli, ya saki in an nema. Lambar da ke ƙarƙashin available ita ce gaskiyar abin da ya rage.

Akwai kuma maɓallin da ke juya ɗabi'ar alkawarin kanta, vm.overcommit_memory. A 0, wanda shi ne na asali, kanel yana ƙin roƙon da ya wuce hankali ne kawai. A 1 ba ya ƙin kowa. A 2 ba ya wuce jimlar suwaf da wani kaso na RAM, kashi 50 cikin ɗari in ba a canza ba. Wanne ya fi? Masu PostgreSQL, rumbun bayanan da tsarin DHIS2 na tattara alƙaluman lafiya ke zaune a kai, sun ba da shawarar 2 a littafin jagorarsu. Masu Redis kuma, wani rumbun bayanan, gargaɗi manhajarsu ke yi in ba a sa 1 ba, don tana kwafin kanta duk lokacin da za ta adana bayanai. Dukansu suna da gaskiya a kan kayansu. Wanda ya kwafo saitin wani ba tare da sanin abin da ke gudana a na'urarsa ba, musamman 2 a kan na'urar da ba ta da suwaf, zai tarar manhajoji suna ƙin tashi alhali rabin RAM na zaune. Haka nan mai liƙa wa duk abin da yake so -1000: hauni zai zo bai sami wanda ya halatta ba sai ƙananan da kashe su ba ya samar da komai.

Kada a ɗauka yin kisa da wuri shi ne ya warware komai. Facebook ya fito da nasa mai kisa da wuri, oomd, a 2018, aka gina systemd-oomd a kansa, daga cikin nau'o'in Linux Fedora 34 ta kunna shi a 2021, Ubuntu 22.04 ta bi a 2022. Ba a jima ba masu Ubuntu suka cika ko'ina da ƙorafin ana rufe musu burauza da tagogin aiki ba tare da sanarwa ba, har sai da aka sassauta saitin. Zaɓin abin da za a sadaukar tsohuwar matsala ce. Ranar 20 ga Yulin 1969, kumbon Apollo 11 na gangarawa kan wata, kwamfutarsa ta yi ta ƙarar gargaɗi mai lamba 1202 da 1201 saboda wurin riƙe ayyuka ya ƙare. Manhajar da ƙungiyar su Margaret Hamilton ta rubuta ta watsar da ayyuka marasa muhimmanci ta riƙe na sauka, aka sauka lafiya. Abin da ya cece su shi ne mutane sun zauna tun kafin tafiya sun tsara wanne ya fi wanne. Lambar oom_score_adj wannan damar ce take ba mai kula da uwar garke, kuma yawancinsu ba su taɓa buɗe ta ba.

Don haka, mai karatu, in wayarka ta sake mayar da kai farko, kada ka miƙa ta a yi mata filashin tukuna. Duba girman RAM ɗinta na gaske, duba abin da ke gudana a baya, ka cire biyu ko uku daga cikin masu nauyi ka sake gwadawa. In kuwa kai ne mai gyaran, ka haɗa kebul ka karanta dalilin mutuwar kafin ka goge wa bawan Allah hotunan 'ya'yansa.